Saura Mutum Ɗaya

Jama'a, kafin in fara bari in wanke kaina. Na san waɗanda suka san ni a Apo za su ce ga shi nan ya zo, mutumin da ya ce ya taɓa tayar da tirela da cokalin shayi. To na yarda, a wancan na zuba gishiri, kuma ba kaɗan ba. Amma wannan da zan ba ku, wallahi tallahi ban ƙara masa ko ƙwayar gishiri ba, ragewa ma na yi, don akwai wurin da har yau ba na son tunawa.

Abin ya faru ne shekarun da farar hula suka dawo mulki, lokacin da Abuja ta fara kumbura kamar an zuba mata yis. Waya ta shigo, gini ko'ina, duk wanda ka gani a ma'aikata ya sai sabuwar mota yana neman inda zai huta ran Asabar. Ni kuma na gama koyon kanikanci a Apo, ina kwana a Durumi a wani ɗaki da in ka miƙe ƙafa sai ta gaishe da maƙwabci. Sai wani ogana, mutum mai kan kasuwanci, ya sayo wata tsohuwar jif koriya a gwanjo, muka yanke mata rufi, muka sa mata sanduna, ya ce daga yau kai ne direba, kai ne kuma ɗan jagora. Aikin shi ne in ɗebi manyan mutane da yamma in kai su bayan Karshi, can cikin fadama inda ake noman shinkafa, su ga faɗuwar rana. Na ce oga, rana fa kyauta take faɗuwa ko a Durumi. Ya ce kai dai ja mota. Kuma wallahi gaskiyarsa, mutanen da iyayensu suka sha wahala suka raba su da gona, su ne suke layi a kai su kallon gona.

Wurin kam yana da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. A ƙarshen damina in shinkafa ta nuna, rana ta karkata, sai ka ga fadamar nan kamar an malala man ja har gindin duwatsu, balbelu na komawa gida a jere. Akwai siririyar hanyar burji da ta ratsa tsakiyarta, faɗin mota ɗaya, ruwa dama ruwa hagu.

Mai gonar bakin hanya wani dattijo ne ɗan asalin wurin, Baba Ɗanladi muke ce masa. Tun zuwana na farko ya ja ni gefe ya ce, da irin Hausarsa, "Direba, fadaman nan aikin kamba-kamba ne. Mu da rana, su da yamma. In rana ya yi ja, mu muna fita, su suna shiga. Ka wuce abinka, ka kalla, ka yi hoto. Amma kada ka kira kowa, kada ka yi ma kowa tayin mota." Na ce Baba su waye su? Ya ce masu wuri. Na lura kuma da gaske ne, da rana ta fara ja sai ka ga manoma suna saɓa fartanya suna fita shiru, ko gaisawa da ƙarfi ba sa yi.

To ni da bakina. Sai na mai da maganar Baba kayan aiki. Duk sanda muka kai tsakiyar fadama sai in ba fasinjoji labarin masu wuri, in ƙara musu ƙaho da wutsiya, in na ga matan sun fara matse juna sai in taka birki, in miƙe tsaye, in buga jikin mota irin na 'yan kamasho a tasha, in kwarara ihu cikin shinkafa: "Karshi! Karshi! Saura mutum ɗaya!" Sai mata su yi ƙara, maza su fashe da dariya, ni kuma a yi ta yaba ni. Na yi haka ya fi a ƙirga, ko sauro bai taɓa amsawa ba. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne, duk ranakun nan motar a cike take, mutum huɗu cif, ɗaya gaba uku baya. Wato ihun banza nake yi, babu kujera.

Ranar da abin ya faru, wani darakta ne a wata ma'aikata ya ɗauki motar, shi da matarsa Hajiya, likita ce, da 'yarsu Ummi, budurwa wadda ta dawo hutu daga jami'a da ƙatuwar kyamara a wuya. Na huɗunsu ƙanin Hajiya ne, sai ya bugo waya wai an riƙe shi a wani taro. Muka tafi a haka, Darakta a gaba kusa da ni, Hajiya a baya ta hagu, Ummi a tsakiya, kujerar dama babu kowa.

Darakta irin mutanen nan ne da in sun yi Hausa kalma uku sai sun huta da Turanci biyar. Ina ba da labarin masu wuri yana girgiza kai yana cewa, "Mai firen, wannan duk sufastishin ne, camfi kawai, shi ya hana mu ci gaba." Ummi na dariya tana cewa, "Dadi ka bar shi mana, ni ina so in ga kakar aljanun in mata hoto." Hajiya ce kawai ta ce, "Direba, almuru ya kusa, ka rage surutun nan." Da na ji maganarta da ban zauna ina rubuta muku wannan ba.

Muka kai tsakiya, rana ta yi jajir tana dab da kan dutse. Na taka birki, na miƙe, na buga jikin mota, na saki murya har da gayya don in ba Darakta haushi: "Karshi! Karshi! Saura mutum ɗaya!"

Kun san yadda fadama take da yamma, kwaɗi, gyare, tsuntsaye, kamar kasuwa. To duk suka ɗauke a tare, ɗif, kamar an ɗauke wuta. Na juya zan yi wa Ummi gwalo, sai na ga mace tsaye a jikin motar ta dama, hannunta a kan ƙofa.

Jama'a, hanyar nan miƙaƙƙiya ce, kana hango mutum tun daga nesa, kuma shinkafar ba ta wuce ƙugu ba. Babu inda za ta ɓullo ban gan ta ba. Ba tsohuwa ba ce tukuf, ba yarinya ba, baƙin zane ɗaure a ƙirji, da ƙwarya a kafaɗa irin yadda matan wurin suke ɗaukar kaya, taɓo har gwiwa. Ba ƙaho, ba wutsiya, duk ƙaryar da na yi ba ko ɗaya. Abu ɗaya ne, a jiƙe take sharkaf tun daga kai, kuma rabon a yi ruwan sama ya fi mako.

Na buɗe baki zan ce Mama wasa nake, Darakta ya riga ni. "Ɗauke ta mana, mai firen, kai ka kira pasinja. Puwa wuman, ta gaji." Kafin ya rufe baki har ta zauna kusa da Ummi, kuma na rantse da Allah ban ga an buɗe ƙofar ba. Motar da na sha loda wa buhu takwas na siminti ba ta yi ƙorafi ba, sai ga ta ta yi ƙasa ta dama, sifirin ya yi wani kuka kamar an taka kare.

Ta ce, "Mota ta cika. Mu je."

Hausarta fes, ta fi tawa, amma muryar kamar mutum na magana cikin randa. Na ce a raina kai dai ka kai ta bakin titi ka rabu da ita. Na sa giya, muka ja.

Daga tsakiyar fadama zuwa gonar Baba ba ya wuce minti biyar. Akwai wata busasshiyar giginya guda a gefen hanya, muka wuce ta. Can sai ga ta kuma a gaba, muka wuce. Sai ga ta kuma. Hanya miƙaƙƙiya fa, ba kwana, ban juya sitiyari ba. A na huɗu Darakta ya cire tabarau ya ce, "Direba, wannan bishiyar..." Na ce, "Ranka ya daɗe, 'yan gida ɗaya ne, kama suke yi." Ko ni ban yi dariya ba.

Sai na ji sanyi a ƙafata. Na duba, ruwa ne a ƙasan motar, ya rufe min silifas, yana gangarowa daga baya, da warin taɓo, har da 'yan ƙananan kifaye suna wutsil-wutsil tsakanin birki da totur. Na ɗaga ido na kalli madubi. Matar ta riƙe wuyan hannun Ummi. Ita kuma Ummi, mai surutun nan, ta yi tsit, ido a buɗe ba ƙiftawa, kyamara na lilo a ƙirjinta. Hajiya ta kama ɗaya hannun tana ja tana kiran sunanta, tana karanto duk abin da ya zo bakinta, yarinya ko motsi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙafar Ummi. Yarinyar nan tun da muka bar gari ba ta taka ƙasa ba, amma ga taɓo ya hau ƙafarta har idon sawu, ina kallo yana ƙara hawa. Na matar kuwa yana sauka, ƙaurinta na fitowa fes.

Darakta ya juya, ya ga abin da na gani. Innalillahi, Turanci ya gudu ya bar shi. Sai ga Hausar ƙauyensu tsantsa: "Baiwar Allah, don girman Allah sakar min ɗiya. Me muka yi miki?"

Ko kallonsa ba ta yi ba, ni take kallo ta madubi. Ta ce, "Direba ya ce saura mutum ɗaya, na bar aikina na zo. Yanzu can ma saura mutum ɗaya. Layina ba ya zama ba kowa." Ta ɗaga haɓa ta nuna cikin shinkafar. Na bi da ido, sai na ga shinkafar tana motsi layi-layi, kamar mutane sun sunkuya a jere suna aiki, ba ka ganin kowa sai motsin. A tsakiyar jerin akwai gurbi ɗaya da ba ya motsi.

Nan na gane. In rana ta ƙarasa faɗawa bayan dutsen nan, Ummi ce za ta cike gurbin, kuma bakina ne ya jawo. Rabin ranar ta riga ta nutse. Taɓo ya kai wa yarinyar ƙauri.

Kada ku ɗauka jarumta na yi. Wandona ma ba ruwan fadama kaɗai ya jiƙa shi ba, wannan tsakanina da ku. Amma duk direba ɗan tasha ne. Ƙwaƙwalwata ta ce, matar nan da dokar tasha ta shigo, an kira ta amsa, to sai dai dokar tasha ta fitar da mu. A lokacin satar mota ta yi yawa a Abuja, don haka na sa wa jif ɗin wani ɓoyayyen maɓalli da ke yanke wuta, ni kaɗai na san inda yake, ko oga bai sani ba. Na zura hannu a hankali na latsa shi. Mota ta yi tari biyu ta mutu.

Na murza makulli, ƙyar-ƙyar-ƙyar, na sake murzawa, na buga sitiyari na yi tsaki kamar gaske. Na ce, "Kash! Jama'a a yi haƙuri, mota ta lalace. Sai an tura." Na juya, kuma Allah ne ya riƙe min murya, na ce, "Mama, ke babba ce, ba a sa babba turi. Ki yi zamanki. Yara da sauran fasinja a sauko a kama."

Darakta ya dire cikin ruwa da takalminsa mai tsada. Hajiya ta sauko amma ba ta saki 'yarta ba. Matar ma ba ta saki ba. Ta zuba min ido, ta ce, "Wannan tana nan."

Na ce, "Haba Mama, kin taɓa ganin an yi lalacewa budurwa na zaune uwarta na turi? Ai abin kunya ne a tasha. Kuma turi sai da hannu biyu. Ara mana hannun nata, mu tayar da mota."

Na saci kallon dutse. Saura ɗan baki-bakin rana kamar yankan kankana.

Ta ce, "Aro ne?"

Na ce, "Aro ne, Mama."

"In ka gyara, ka dawo min da ita."

Na ce, "In na gyara."

"To ina nan. Ina jira."

Ta buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ummi ta ja wani dogon numfashi kamar wadda aka tsamo daga rijiya, ta fashe da kuka. Muka zagaya bayan mota mu huɗu, muka ɗora hannu kamar masu turi, na ce musu ƙasa-ƙasa, in na ƙirga uku kowa ya saki, kada wanda ya waiwaya. Darakta ya goya 'yarsa, mutumin da tumbinsa ke riga shi shiga ofis, amma ranar da ƙyar na kamo shi. Muka bi hanyar da gudu, muka wuce giginya sau ɗaya tak, sai ga bukkar Baba Ɗanladi. Muna taka gonarsa rana ta ƙarasa faɗuwa, kwaɗi suka ɓarke da kuka gaba ɗaya kamar an dawo da wuta.

Baba ya fito ya kalle mu, ya kalli ƙafar Ummi, ya ɗebo ruwan randa ya ce uwar ta wanke mata. Sannan ya ce min, "Ka kira?" Na ce na kira, Baba. Ya kama kunnena ya murɗa kamar yana kunna rediyo, da girmana da gemuna. Na ba shi labari har ƙarshe. Da na zo kan maganar aro sai ya saki kunnen ya zauna a kan turmi.

Ya ce, "Ka ce mishi in ka gyara?"

Na ce e.

Ya ce, "To kada ka gyara. Kai ko wani. Su ba ya mantuwa, kuma ba ya gajiya da jira."

Washegari da hantsi muka koma, ni da oga da Darakta da Baba. Oga tun daga Apo yake zagina, wai na sha wani abu na jefa masa mota a rami. Muka iso inda na bar ta a kan hanya, babu mota. Tana can tsakiyar fadama, nisan filin ƙwallo daga hanya, shinkafa ta kewaye ta tsaye ƙyam, ko kara ɗaya bai kwanta ba, babu sawun taya ko na ƙafa. Oga ya buɗe baki ya manta bai rufe ba. Muka kutsa muka je. Ƙasan motar ya bushe ƙayau, kujeru duk sun bushe, ban da ta baya ta dama. Ita a jiƙe take, ta lotsa a tsakiya kamar akwai mutum a kai, ruwa na ɗiga ta ƙasa ɗis, ɗis.

Oga ya farfaɗo ya ce a nemo janwe a kai ta gareji. Darakta, mai sufastishin ɗin nan, ya kama masa riga da hannu biyu ya ce ko za a yi me motar nan ba ta barin wurin nan, shi ya ɗauke masa asararta. Ya ce ma a cinna mata wuta. Baba ya ce a'a, ba a ƙona mota da fasinja a ciki. Haka aka bar ta, manoma suna shuka suna zagaye ta. Ni kuma oga ya sallame ni a ranar, ban ko roƙe shi ba. Na koma Apo ina sai da tsofaffin kayan mota, kuma tun daga ranar ban sake kiran fasinja ba ko da wasa.

Bayan shekaru na taɓa lallaɓawa da tsakar rana na leƙa. Jif ta yi tsatsa, ciyawa ta fito ta cikin injin, amma 'yan jari-bola da ba sa barin ko murfin kwalba ba su cire mata ƙusa ɗaya ba. Kujerar nan kuwa tana nan yadda take, a jiƙe, a lotse. Ummi ta yi aure, har da 'ya'ya uku. Na haɗu da Hajiya sau ɗaya ta kawo gyaran mota, ta ce min lafiyar yarinyar ƙalau, sai dai kullum in rana ta yi ja, wuyan hannunta na dama sai ya yi sanyi ƙarara kamar an ɗaura mata ƙanƙara, har sai an kira magariba. Ita likita ce, ta ce ta duba ta duba ba ta ga komai ba.

Dalilin da ya sa na fasa ƙwan nan yau, bayan na yi shiru tsawon shekaru, shi ne watan jiya na je Karshi sayen doya, na ce bari in gaida Baba. Aka ce Baba ya rasu, masu gina rukunin gidaje sun sayi fadamar suna cike ta da jar ƙasa. Na ce ina tsohuwar motar da ke tsakiya? Wani ya ce ai an janye ta, wai wani mai son tsofaffin motoci ya gani ya ce zai gyara ta ta koma sabuwa. Aka ce Apo aka nufa da ita. Na zaga gareji ya fi talatin, ban gan ta ba tukuna.

Don haka 'yan uwana kanikawa, na Apo da na ko'ina, in aka kawo muku tsohuwar jif koriya mai yankakken rufi, ku fara taɓa kujerar baya ta dama. In kun ji laima, ku ce aikin ya fi ƙarfinku, ku sallami mai ita. Za ku canza batir, ku canza filogi, ku sauke inji, ba za ta tashi ba sai an taɓa maɓallin nan, kuma inda yake da ni za a binne shi. Roƙona kawai kada wani mai kaifin basira ya ce zai sake mata wayoyi gaba ɗaya. Akwai 'ya'ya uku da ke buƙatar uwarsu.

Ku kuma sauran jama'a, in kun je kallon faɗuwar rana a gonar mutane, ku kalla ku yi hotonku ku tafi. In dattijon wuri ya ce kada a yi abu, ko bai yi boko ba ku bari. Kuma in akwai kujerar da ba kowa a motarku, ku ɗora mata jaka, ku ja bakinku ku yi shiru har ku hau kwalta.